Dabarar Kyaftin Picard da Kwalin Banda a Baga Road

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare.

Waɗanda muke ɗaki ɗaya da su sun san ni da abu biyu. Na farko, ina kallon finafinan yaƙin sararin samaniya har ana yi mini tsiya da "ɗan sama jannatin Borno". Na biyu, kuɗin rijistata daga warin banda yake fitowa, domin kawuna dillalin kifi ne a kasuwar Baga Road a nan Maiduguri, kuma duk hutu a rumfarsa nake wuni. Yau ina so in ba ku labarin wata dabarar yaƙi ta cikin fim, wadda ban taɓa ganin inda ake amfani da ita kullum kamar kasuwar kifi ba. Kuma wallahi ana yi mana ita a makaranta ma.

A shekarar 1987 aka fara nuna wani shiri mai dogon zango a talabijin ɗin Amurka, sunansa Star Trek: The Next Generation. Jaruminsa Kyaftin Picard ne, wanda ɗan wasan Ingila Patrick Stewart ya fito a matsayinsa, wannan dattijon mai sanƙo. A zangon farko akwai wani kashi mai suna The Battle, inda aka ba da labarin abin da ya faru da Picard tun yana tuƙa tsohon jirginsa Stargazer. Wani jirgin da bai san ko na su waye ba ya yi masa kwanton ɓauna a wani wuri da ake kira Maxia, ya buɗe masa wuta, ya lalata masa garkuwa. Gudu ba zai yiwu ba, tsayawa kuma mutuwa ce.

To me ya yi? A duniyar wannan fim jirage suna iya gudun da ya fi na haske. Sai Picard ya ba da umarni a taka jirgin da wannan gudu na ɗan ƙiftawar ido, kai tsaye zuwa ga maƙiyin, a taka birki a gaban hancinsa. Tunda jirgin ya riga haskensa isowa, sai na'urorin hangen maƙiyi suka nuna masa jirage biyu a lokaci guda: ɗaya can nesa inda Stargazer yake ɗazu, domin tsohon haskensa bai gama isowa ba, ɗaya kuma ga shi a gabansa. Maƙiyi ya ruɗe, ya harbi na nesa, wato hoton da babu kowa a cikinsa. Kafin ya gyara saiti Picard ya gama da shi. A cikin fim ɗin aka sa wa abin suna Dabarar Picard, har ana koyar da ita a makarantar sojan sama jannati.

Kafin 'yan kimiyyar lissafi su far mini a ƙasan rubutun nan: na sani, tun 1905 Einstein ya kafa ƙa'idar da ke nuna babu wani abu mai nauyi da zai kai gudun haske, balle ya wuce shi. Wannan ɓangaren tatsuniya ce. Amma ginshiƙin dabarar gaskiya ne tsagwaronta. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Gudu ne na ban mamaki, amma yana da iyaka. Rana tana da nisan kimanin kilomita miliyan 150 daga gare mu, saboda haka ranar da ke ƙona maka ƙeya a hanyar zuwa lakca, ranar minti 8 da sakan 20 da suka wuce ce. Watan da muke leƙe daren sallah, na sakan ɗaya da 'yan kai da ya wuce ne. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, haskensa sai ya yi fiye da shekara 4 a hanya, wato kusan digiri guda in babu yajin aiki. Ibnul Haisam, malamin nan haifaffen Basra da ya yi zamansa a Alƙahira, tun ƙarni na 11 ya ce haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. A 1676 wani ɗan ƙasar Denmak, Ole Romer, ya nuna hakan ta hanyar lura da wani wata da ke zagaya duniyar Mushtari.

Mu 'yan Maiduguri ma ba ma buƙatar wani dogon bayani. Sau nawa jirgin yaƙi ya wuce ta saman gari, ka ɗaga kai wajen da ƙarar ta fito, ka ga wayam, ashe jirgin ya yi gaba can? Sauti yana cin kilomita ɗaya a kusan sakan 3, shi ya sa walƙiya ke riga tsawa. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba, jirgin ya kasance a wurin. Labarin ne ya iso a makare. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to shi ma ganin yana da shekaru. Duk abin da ka gani ko ka ji, labarin abin da ya riga ya wuce ne. Wanda ya iya shiga tsakanin yadda abu yake yanzu da yadda kake ganinsa, shi zai ci ka da yaƙi.

Yanzu ku biyo ni Baga Road.

Wanda bai taɓa shiga ba, hancinsa ne zai fara sanar da shi ya iso. Kwalaye ne jibge, an ɗaure su da igiya, cike da bandar tarwaɗa, ƙarfasa, kurungu, wani lokaci giwan ruwa. Kifin daga Tafkin Chadi yake fitowa. Masunta su kama shi da kalli ko ƙugiya ko gura, a banda shi a tsibirai da bakin ruwa, a haɗa a Baga da Doron Baga cikin ƙaramar hukumar Kukawa, sannan mota ta ɗauko shi ta Kuros Kauwa, Monguno, Gajiram, tafiyar kusan kilomita 200 zuwa Maiduguri. Daga nan manyan motoci su kwashe zuwa Onica, Inugu, Legas, Ibadan. Kun ga ke nan kasuwarmu a tsakiya take. Ta arewa akwai tafki, ta kudu akwai masu saye, kuma duk biyun ba ma ganinsu da ido. Abin da ke iso mana labari ne: an kama da yawa ko ba a kama ba, hanya a buɗe take ko an rufe, farashi a Onica ya tashi ko ya faɗi. A kan wannan labarin ake yanke wa kwali kuɗi.

Kawu ya ce kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, labarin kudu a bakin direba yake zuwa. Farashin da direba zai faɗa maka na ranar da ya baro can ne, kwana biyu ko uku da suka wuce. Wanda motarsa ta riga shigowa gari da dare, shi ke da kasuwar safiya. In ya san kaya ya yi tsada a kudu sai ya yi shiru, ya zagaya rumfuna ya saye da tsohon farashi, kafin azahar labari ya bazu, masu kaya su riƙe baki. Sun sayar wa jirgin da ke can nesa, alhali na gaskiyar yana tsaye a gabansu yana murmushi.

Waya ta rage wannan tazara sosai, kuma ba a nan kaɗai ba. Wani masanin tattalin arziki, Robert Jensen, ya bibiyi masuntan jihar Kerala ta Indiya daga 1997 zuwa 2001, lokacin da waya ke shiga garuruwan bakin teku ɗaya bayan ɗaya. Da, masunci zai kai kifinsa kasuwar da ta cika har ya zubar, alhali wata kasuwa kusa babu kifi. Da aka fara buga waya tun daga cikin jirgi, zubar da kifi ya kusa ƙarewa, farashin kasuwanni ya daidaita, ribar masunta ta ƙaru da kimanin kashi 8 cikin 100, mai saye kuma ya samu sauƙin kusan kashi 4. A maƙwabciyarmu Nijar ma, Jenny Aker ta gano cewa shigowar waya ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni. Mu kuma a Borno mun ga juyin abin. A watan Mayun 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya, a nan Borno har na tsawon watanni. Kawu ya ce a lokacin kasuwa ta koma zamanin direba. Wanda ya iya fita jihar ya buga waya ya dawo, shi ne mai ido ɗaya a garin makafi.

Kada ku ce ai yanzu kowa na da waya, magana ta ƙare. Ga abin da ya faru a ƙarshen hutun da ya wuce.

Saura kwanaki kaɗan a rufe shafin rijista, ni ban biya ba, ƙanwata da ke kwalejin ilimi ita ma ba ta biya ba. Kawu yana da kwalaye a ajiye, wasu nasa, wasu amanar masunta. Sai wani mai saye ya zo da sassafe, ya zauna a kan benci, ya ciro waya ya kunna mana saƙon murya. Wani ne daga Onica yake rantsuwa cewa kasuwa ta faɗi warwas, motoci sun shigo da yawa lokaci guda, kaya ba ya tafiya. Mutumin ya ce shi don zumunci zai kwashe duka, kuɗi a hannu, amma a farashin da ya yi ƙasa sosai. Ni zuciyata tana kan rijista. Na matsa kusa na ce, "Kawu, ku duba maganar makarantar nan." Ya ce, "Na sani, ɗana. Zauna."

Tambaya ɗaya ya yi wa mutumin: "Alhaji, wannan saƙon na yaushe ne?" Mutumin ya ce ai kwanan nan ne. Kawu ya ce, "Kwanan nan na jiya, ko kwanan nan na Laraba?" Aka yi dariya, aka sha shayi, ya ce a ba shi zuwa la'asar.

A nan zan koma fim kaɗan, domin abin da Kawu ya yi daga safe zuwa la'asar yana ciki. A wancan kashi, bayan shekara tara, mahaifin wanda Picard ya kashe ya dawo ɗaukar fansa. Ya juyar wa Picard da tunani da wata na'ura, har ya hau tsohon jirginsa zai yi wa mutanensa na jirgin Enterprise wannan dabara. Mataimakinsa Riker ya tambayi Data, mutum-mutumin jirgin, ko akwai kariya. Data ya ce ba a san wata ba. Riker ya ce to ƙirƙiro. Abin da Data ya kawo shi ne: a daina kallon hoton jirgin kwata-kwata. Ko a sararin samaniya akwai 'yar iska kaɗan a warwatse, kuma jirgin da ya taho da irin wannan gudu dole ya matse iskar da ke gabansa. A sa ido kan inda iska ta matsu, nan jirgin gaskiya yake. Da haka suka cafke shi da igiyar hasken da suke jan jirage da ita. Hoto yana iya zama tsoho, amma abin da jiki ya ture a hanyarsa na yanzu ne.

Kawu bai taɓa jin sunan Data ba, amma aikinsa ke nan shekara da shekaru. Bai tsaya musun saƙon murya ba. Ya aike ni wajen masu lodin kudu in ƙirga motocin da ake ɗaurewa. Na tarar 'yan dako ko zama ba sa yi. Ya tambayi mai sayar da kwali da igiya yadda ciniki yake, ya ce tun jiya ake wawaso. Ya tare wani direba da ya shigo daga Monguno, ya tambaye shi mota nawa ya baro a baya, ya ce kaɗan ne, kaya bai fito sosai ba. Sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, in da gaske kasuwa ta mutu a kudu, wa ke biyan kuɗin motocin nan?" Sannan ya buga wa wani tsohon abokin cinikinsa waya, ba don ya tambaye shi farashi ba, ya tambaye shi kwali nawa ya rage a shagonsa.

Ashe saƙon gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Kasuwa ta faɗi, amma kwana huɗu da suka wuce. Tun daga nan kaya ya yanke, farashi ya fara hawa, kuma mai sayen ya san duka biyun, na farkon kawai ya kunna mana. Wannan ita ce Dabarar Picard a cikin babbar riga. Ba sai an yi maka ƙarya ba, tsohuwar gaskiya ta isa.

Wani zai ce to sai a riƙa jira har labari ya tabbata. Banda ba ta jira. Ƙwari na cinta, tana karyewa ta zama gari, nauyi na raguwa, kuma masuncin da ya ba ka amana yana da iyali. Wanda ya ce sai ya ga komai da idonsa kafin ya motsa, shi ma ya harbi iska. Kawu ya sayar da kashi ɗaya cikin uku washegari ga wani daban, a farashin da ya fi na farko, aka biya mana rijista, aka tura wa masu kaya nasu, sauran ya bi motar kudu. Ba a yi wata ƙazamar riba ba. An dai tsira daga asarar da aka shirya mana.

Tun daga nan nake ganin tsohon haske ko'ina a makaranta.

Sanarwar da ake turawa a zauren WhatsApp na aji, babu kwanan wata, babu sa hannu: an ɗage jarrabawa, an buɗe tallafin karatu, an tafi yajin aiki. Rabinsu takardun bara ne. Hoton rikici ko na ambaliya da ake yaɗawa ana cewa yanzu-yanzu, iyaye su kasa barci a Gusau da Daura, alhali hoton ya shekara biyar. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa da muke haddacewa, malamin da ya fitar da su ya yi ritaya. Shawarar da yayyenmu ke ba mu kan wane kwas ne "mai aiki", da zuciya ɗaya suke bayarwa, amma kasuwar aikin da suka gani ta lokacin da suka gama ce. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma ba a ciniki da tsohon farashi.

Garinmu ma haka ake kallonsa. Ina da abokin da ya samu gurbi a Jami'ar Maiduguri, danginsa suka taru suka ce ba zai zo ba. Abin da ke idonsu shi ne 2015: harin Baga na watan Janairu, da bam ɗin da ya tashi a wannan kasuwar kifin tamu a watan Maris. Abubuwan sun faru, mun binne mutane, akwai lokutan da hukumomin tsaro suka hana safarar kifin tafki gaba ɗaya bisa hujjar cewa 'yan ta da ƙayar baya na samun kuɗi da shi. Amma a watan Satumban 2020 an fara mayar da mutanen Baga garinsu, kasuwa na ci, jami'ar da aka kafa tun 1975 tana yaye ɗalibai. Ba ina cewa komai ya daidaita ba ne, hanyar Baga har yau sai da addu'a da tambaya. Ina cewa a tambayi na yau. Ko tafkin kansa hotuna biyu ake yawo da su, duk tsofaffi: na littafin firamare, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, da na bayan farin shekarun 1970 da 1980, lokacin da ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Masunci ya san ruwan yana ja yana dawowa, kuma a wasu shekarun baya-bayan nan har gonaki yake cinyewa.

Tsohon haske ba kullum tsoro yake sawa ba, wani lokaci kwantar da hankali yake yi, kuma wannan ya fi haɗari. Kafin madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumban 2024, nawa ne a cikinmu suka ji ana cewa ruwa bai taɓa zuwa unguwar nan ba tun 1994? Maganar gaskiya ce har zuwa daren. Da gari ya waye ta zama tarihi.

Saura abu guda, kuma shi ya fi damuna. A fim muna tafa wa Picard, domin maƙiyi ya yi wa dabarar, kuma shi aka fara kai wa hari. Amma ku lura, a kashin nan da kansa, ranar da aka juya dabarar kan mutanensa, ta zama abin tsoro. A makarantar Islamiyya an koya mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Mai tarar bai yi sata ba, bai tauye mudu ba, ya dai ci ribar jinkirin labari ne a kan ɗan uwansa, kuma aka hana. To mu fa? Wanda ya ji an matso da gwaji zuwa ƙarfe takwas ya yi shiru don ya fi kowa maki. Wanda ya ga tallafin karatu ya ɓoye sai ranar rufewa ya tura a zaure. Wanda ya sayar wa sabon ɗalibi takardun kwas ɗin da ya san an canza. Duk tarar fatake ce, sai dai babu raƙumi.

Don haka ga abin da nake roƙo. In labari ya zo maka, kafin ka tambayi ko gaskiya ne, tambayi na yaushe ne, kuma wa zai amfana in ka gaskata shi yanzu-yanzu. Sannan ka nemi alamar da ba ta iya yin tsufa: motar da ake lodi, ƙofar ofis a buɗe ko a rufe, mutumin da ke tsaye a wurin a wannan sa'a. In kuma kai ne labari ya riga isowa gare ka, ka sa masa kwanan wata ka miƙa wa na baya.

'Yan Sakkwato, Kano, Zariya, Katsina, da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke karatu tare da mu, na san kowace kasuwa da irin nata salon, ko ta hatsi a Dawanau ko ta shanu a Potiskum. Ku ba mu labarin yadda ake yi a wajenku. Mai son kallon fim ɗin kuma ya same ni da filashi bayan isha'i, amma ya zo da nasa garin kwaki, kifin dai akwai.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya tsare matafiya a hanyar Baga, Ya sa albarka a neman iyayenmu.